Furotin da ya ƙi zama a kan gilashi

Mako uku na yi ina zargin antibodi, wato abin da muke amfani da shi wajen gano furotin, shi ke neman sa ya kama shi. Kullum sai in ɗiga furotin a kan siririn gilashin maikiroskop, in zuba antibodi, in wanke sau uku da ruwan PBS (ruwan gishiri na ɗakin gwaji) mai sabulun Tween-20, in leƙa, sai duhu kawai, babu ƙyallin da zai nuna antibodin ya kama furotin. Har na fara neman a sayo sabuwar kwalba, ga kuɗinta ba kaɗan ba.

Wata babbar ma'aikaciya a ɗakin gwajinmu ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Ɗana, ka tabbatar akwai abin da antibodin zai kama?" Ta sa na ɗiga furotin mai ɗauke da rini mai ƙyalli, na duba kafin wanki da bayansa. Kafin wanki ɗigon yana nan sarai. Bayan wanki na biyu babu ko alama.

Ashe gilashi tsurarsa ba ya riƙe furotin da ƙarfi, mannewa ce ta sama-sama, Tween kuwa sabulu ne, aikinsa kenan ya saki irin wannan. Na gwada gilashin da aka shafe da poly-L-lysine, wani sinadari mai caji da ke jan furotin, abin ya ɗan gyaru, amma jan caji ne kawai ke riƙe da shi, gishiri da sabulu suna raunana shi. Sai na koma gilashi mai aldehaid, wani sinadari da ke ƙulla ɗauri na sinadari da amin, wato wani ɓangare na lysine, ɗaya daga cikin tubalan da aka gina furotin da su.

A nan ma na sake tuntuɓe, kuma wannan ya fi mini ciwo. Furotin ɗina yana cikin ruwan Tris, wani ruwan sinadari da ake ajiye furotin a ciki, Tris kuwa shi ma yana da amin. Shi ne ya riga ya cike gurbin da furotin zai zauna. Da na sauya zuwa PBS, ɗigon ya zauna daram.

Hunturu ma ya koya mini nasa. Iska ta bushe, ɗigon ya ƙafe kafin ɗaurin ya kammala, sai na fara ajiye gilashin cikin akwati mai rufi da jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa. Bayan haka nakan toshe sauran aldehaid da BSA (furotin jinin shanu) kashi 1 cikin 100, in nutsar da gilashin cikin ruwan wanki a hankali, ba na ƙara watsa masa kai tsaye.

Tsohuwar kwalbar antibodin nan da na so a jefar, ita na ƙarasa aikin da ita.