Daga situdiyo zuwa ranar Juma'a: hanyar da sabon albam ɗin indi rok yake bi

Duk mai bibiyar labaran indi rok, wato kiɗan rok da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suke fitarwa, zai lura da abu guda: ƙungiya ta sanar da sabon albam yau, ta saki waƙa ɗaya, sannan a ce sauran sai nan da wata biyu ko uku. Sau da yawa kuma an gama aikin albam ɗin tun bara. Wasu na ɗauka jan rai ne na talla. Akwai ɗan hakan, amma babban abin da yake yanke ranar fitar albam a ƙananan kamfanoni irin su Sub Pop da Merge da Matador da 4AD da Domino shi ne layin masana'antar buga faifan garmaho. Wanda ya fahimci wannan layi zai riƙa karanta labaran da wani ido daban.

Su dai waɗannan kamfanoni ba sa ƙarƙashin manyan ukun nan, Universal da Sony da Warner, duk da cewa abin ba a tsabtace yake sarai ba: Warner ta sayi kashi 49 cikin ɗari na Sub Pop tun 1995, Matador da 4AD da Rough Trade da XL kuwa suna inuwa ɗaya ta Beggars Group. Abin da ya haɗa su shi ne ba su da biliyoyin masu saurare a Spotify, don haka faifai da riga da tikitin wasa su ne cinikin gaske. A Amurka, a 2022, faifan garmaho ya zarce CD a yawan wanda aka sayar, karo na farko tun 1987. Ƙungiyar da ta fita yawon wasa ba faifai a teburin sayarwa ta bar kuɗi a ƙasa.

Bayan an naɗi waƙoƙi an yi miksin, wato daidaita muryoyi da kayan kiɗa wuri ɗaya, sai mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a fitar, kuma a nan ne kuskure na farko yake shigowa. Mastar da aka yi don intanet ba ta dace da faifai ba. Faifai mai inci 12 da yake juyi 33 da sulusi a minti yana ɗaukar kamar minti 18 zuwa 22 a kowane gefe. Idan aka cusa minti 26, dole mai yanka ya matse tsagin, ya rage ƙara, ya rage bes, wato sautin ƙasa mai kauri, sai faifan ya fito da murya ƙasa-ƙasa, shuuu ɗin roba ya taso sama da kiɗa. Bes mai kauri ana tattara shi ne a tsakiya, domin idan ya rabu hagu da dama allura na iya tsalle daga tsagi. Sautin "s" mai kaifi a muryar mawaƙi da ƙarar faifan ƙarfe na mai ganga su ma sai an lallashe su, in ba haka ba su tsage. Akwai kuma abin da masu jera waƙoƙi suka sani tun da daɗewa: yayin da allura take matsowa tsakiyar faifai, tsawon tsagin da take bi a kowane juyi yana raguwa, sauti na sama yana dusashewa. Shi ya sa ake ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen gefe, mai hayaniyar jita kuma a farkonsa. Ƙungiyar da ta rufe gefe da waƙarta mafi ƙara za ta ji ta a dishe, kuma laifin na jerin waƙoƙin ne.

Daga nan injin yanka yake zana tsagin a kan farantin alminiyom da aka shafe da wani fenti mai taushi, faranti ɗaya ga kowane gefe. Ba ya son zafi, ba ya son jira, don haka ana gaggauta kai shi inda za a fesa masa azurfa a tsoma shi cikin ruwan nikel a ba shi lantarki. Ƙarfen da aka ɓare daga jikinsa ana kiransa uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da zai buga roba. Hatimi yana lalacewa bayan kwafi dubu ko makamancin haka, sai a koma wa uwa a ciro wani. A watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a garin Banning na jihar Kalifoniya, wadda ke samar da mafi yawan waɗannan faranti, duniya ta koma dogaro da kamfanin MDC na Japan da kuma hanyar yanka kai tsaye a kan tagulla da wasu masana'antun Turai ke amfani da ita.

Kafin a buga duka, masana'anta tana aiko bugun gwaji, yawanci kwafi kaɗan masu farin tambari. Wannan mataki ne da bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Ana saurare daga farko har ƙarshe, a na'ura fiye da ɗaya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan an ji "ƙas" a wuri ɗaya a kan dukkan kwafin, aibin yana jikin ƙarfe, sai an gyara ko an sake, idan a kwafi ɗaya ne kawai, ƙura ce ko tsautsayin wannan bugun. Ana duba ko ramin tsakiya ya kauce, domin in ya kauce sautin jita mai tsawo zai riƙa lilo sama da ƙasa. Ana duba ko an juya gefe na ɗaya da na biyu. Wanda ya sa hannu a kan gwaji mai aibi ya saya wa kansa kwafi 500 masu aibi, wanda kuma ya ƙi amincewa ya koma bayan layi da makonni. Wasu daga cikin sanarwar "an ɗage ranar fitar faifai" daga nan suke fitowa.

Bugun kansa ba ya cin lokaci: curin roba mai zafi tsakanin hatimi biyu, tururi ya dumama, ruwa ya sanyaya, kusan daƙiƙa 30 faifai ya fito da takardar tambarinsa manne a jiki. Idan robar ba ta cika tsagin ba ana jin wani sauti kamar yagewar ƙyalle. Jiran layi ne matsalar. A 2021 jira ya kai wata tara, wasu har shekara, saboda manyan taurari sun dawo faifai da oda ta dubun dubata, ga kuma Record Store Day, ranar bikin shagunan faifai da aka fara a 2008 wadda yawanci ake yi a watan Afrilu, tana cika injina da sake buga tsofaffin faifai. Ƙungiya mai odar kwafi 300 ita ce ake turawa baya. A ganina wannan rashin adalci ne, domin ƙananan kamfanonin nan su ne suka riƙe masana'antun da aiki a shekarun da kowa ya juya wa faifai baya. Yanzu layin ya ragu, an buɗe sababbin masana'antu, amma mai hankali har yau yana ware wata uku zuwa huɗu. Kuma kar a biya ƙari don an rubuta giram 180 a jikin leda. Zurfin tsagi tun wurin yanka aka ƙayyade shi, faifai mai giram 140 da aka buga da kyau ba ya kasa shi sauti.

Ɓangaren intanet ya fi sauri amma shi ma yana da ramukansa. Ana loda fayil ɗin sauti irin na WAV da hoton bangon albam mai murabba'i ta hannun dillalai irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, kowace waƙa da lambar shaidarta da ake kira ISRC, mai haruffa da lambobi 12. Idan waƙar da ta fita ita kaɗai ta sake fitowa cikin albam da wata lamba daban, ƙididdigar saurarenta na iya komawa sifili. Idan sunan ƙungiya ya yi daidai da na wata, albam na iya faɗawa shafin da ba nasa ba. Spotify tana karɓar waƙa ɗaya da ba ta fita ba don editocinta su duba ko za su sa ta cikin jerin waƙoƙin da suke zaɓa wa masu saurare, aƙalla kwana bakwai kafin ranar, kuma wannan ne yake sa ake sakin waƙoƙi biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya kafin albam: kowace saki wata dama ce. Tun Afrilun 2024 kuma waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a wata 12 ba ba ta samun ko sisi a can.

Fitar da albam ranar Juma'a kuwa ba tsohon tsari ba ne. Kafin 10 ga Yulin 2015 Ingila tana saki ranar Litinin, Amurka ranar Talata, tazarar kuma tana ba masu satar fasaha dama. Yanzu albam yakan bayyana da sha biyun daren Alhamis wayewar Juma'a, agogon ƙasar da kake.

Misali na kusa da gida shi ne Mdou Moctar, ɗan Nijar mai kaɗa jita da hagu. Albam ɗinsa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, kuma waƙoƙin sun yaɗu ne ta bulutut da katin memori, har kamfanin Sahel Sounds na Portland ya sa ɗaya a cikin tarin da ya fitar a 2011. Bayan ya koma Matador sai aikinsa ya hau wancan dogon layi. An naɗe albam ɗinsa Funeral for Justice tun kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, amma bai fita ba sai Juma'a 3 ga Mayun 2024, don haka masu jin sa a matsayin martani ga juyin mulkin sun ɓata lissafin kwanaki. Juyin mulkin ya ritsa da ƙungiyar tana wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe, a wannan zaman ne suka sake naɗar waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da su a farkon 2025.

Ga mai son kuɗinsa ya isa hannun mawaƙi, Bandcamp, shafin intanet na sayar da waƙoƙi, ta fi. Tana cire kashi 15 a kan fayil, kashi 10 a kan faifai da riga, kuma tun Maris 2020 tana ware wasu Juma'o'i da take yafe kasonta. Ranar tana bin agogon Kalifoniya ne, wato tana farawa ƙarfe takwas ko tara na safe a Kano da Yamai, gwargwadon lokacin shekara. Shafin ya canza hannu sau biyu, Epic Games a 2022, Songtradr a 2023, don haka duk abin da ka saya ka sauke shi a FLAC, fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, ka adana kwafi naka. In kuma faifai ka yi oda, ka roƙi mai aikowa ya fitar da shi daga kwalinsa kafin ya naɗe, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya. Idan ya iso a jera shi a tsaye, nesa da taga, kuma kada a bar shi cikin mota a rufe da rana a watan Afrilu, domin robar tana lanƙwashewa kuma da wuya ta koma daidai.