Hannun Baba mai sanyi

A shekarata ta farko ina aikin jinya a ɗakin gaggawa na asibiti, duk mara lafiyan da ya fi ihu gadonsa nake fara nufa. Wani dattijo da aka kawo daga wajen Wurno ne ya raba ni da wannan ɗabi'a, a wani dare na watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke hana kowa barci.

Na same shi zaune shiru, ya jingina da bango, rawaninsa a cinya. Na ce, "Baba, me ke damunka?" Ya ce, "Ba komi ɗiyata, olsa ce ta tashi." Ɗansa ya ce tun bayan azahar yake dafe ƙirji yana gyatsa. Sun sayo masa maganin olsa a kemis, sun jira rana ta yi sanyi, sannan aka shiga neman mota. Har na juya zan tafi, sai na kama hannunsa don in ji bugun jijiya. Sanyi ƙalau, jiƙe da gumi, a daren da ko ruwan randa ya ɗumama. Likita ya sa aka yi masa awon ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, nan take, takardar ta nuna jijiyar da ke shayar da gaban zuciya da jini ta toshe. Bai kai asuba ba. Allah ya jiƙansa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan na sani. Amma washegari likitan ya ɗauko fayil ɗin ya ce in karanta da kaina. Shekaru sun haura 70. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, ƙoda ta yi rauni. Zuciya na gudu, awon hawan jini kuma ya faɗi, huhu ya tara ruwa. Ya nuna mini matakai huɗu na tsananin wannan ciwon zuciya da likitoci biyu, Killip da Kimball, suka tsara a 1967, daga wanda huhunsa ke garau har zuwa wanda zuciyarsa ta kasa tura isasshen jini zuwa jiki. Baba a mataki na huɗu ya iso mana, inda ko a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki ake rasa kusan rabin marasa lafiya.

Sugan ne ya fi tsaya mini a rai. Yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai mutum zuciyarsa na mutuwa shi kuwa abin da yake ji bai wuce nauyin ciki da kasala ba. Tsofaffi da mata ma sukan zo da haki ko tashin zuciya kawai. Naman zuciya kuwa yana fara mutuwa cikin kamar minti 30 da toshewar jijiya, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Allurar narkar da gudan jini ta fi amfani a awannin farko, bayan awa 12 amfaninta kaɗan ne. Mu nan, tsakanin kemis da jiran mai gida ya dawo da neman kuɗin mota, awannin suke ƙarewa.

Waɗanda suka tsallake ma ban daina jin tsoro a kansu ba, musamman wanda hoton zuciya ya nuna jinin da take turawa a kowane bugu ya sauka ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na wanda ke cikinta. Watannin farko bayan sallama su ne masu haɗari. Sai ka ga mutum ya dawo a sume, ka tambaya, a ce maganin ya ƙare tun wata biyu, ya ce ai ya warke, har ya koma taba. Ba na saurin ganin laifinsu, don na san kuɗin asfirin da maganin kitse da na hawan jini, wata bayan wata, a gidan da ake auna gero da kwano.

Shi ya sa ranar sallama nake kiran wanda ke riƙe da kuɗin gidan, ko ɗa ko uwargida, in jera kwalayen a kan gado, in rubuta safe da dare a jikin kowanne da alƙalami. Idan azumi ya kusa, in ce su dawo likita ya gyara musu lokutan sha. Makon jiya wata Hajiya ta ɗaga kwali ɗaya ta ce, "Sista, wanga har yaushe?" Na ce, "Hajiya, wannan ba ranar dainawa sai likita ya ce." Ta ƙulle shi a bakin gyalenta.