Gargaɗin satifiket a burauza: yadda nake bin sawunsa

A shagona na buga takardu da gyaran kwamfuta, ƙorafin da ya fi yawan zuwa mini shi ne "intanet ta ƙi buɗewa", alhali data na nan, sabis kuma cike. Idan na duba sai in tarar da jan gargaɗin Chrome, a ƙasansa an rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Burauza ce ke cewa kwanan watan da ke kan satifiket ɗin tsaro na shafin bai yi mata daidai ba. Gargaɗin ɗaya ne, amma abin da ke jawo shi ya bambanta, kuma sau da yawa laifin ba daga shafin yake ba.

Agogon kwamfutar nake fara dubawa. Yawancin na'urorin da ake kawo mini na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su iso mu. A kan babban allon da ke cikinsu, wato motherboard, akwai wani ɗan batiri mai kama da kwandala, galibi CR2032, shi ke riƙe lokaci idan an kashe na'ura. In ya mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekaru baya, burauza kuma ta ga kamar ranar fara aikin satifiket ɗin ba ta ma zo ba. Wani dattijo malamin makaranta ya taɓa kawo mini tasa, ya ce, "Ɗana, kullum sai na gyara lokacin nan, gari na wayewa ya sake ɓacewa." Na ce, "Baba, batiri ne ya gaji." Na kwance murfin, na zare tsohon da farce, na danna sabo har ya ce ƙas, na saita rana da awa. Shafukan duk suka buɗe.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne na ƙarshen Satumbar 2021. Agogo daidai, satifiket ɗin shafi bai ƙare ba, amma kwamfutoci masu Windows 7 suka riƙa ƙin shafuka da dama a lokaci guda. A nan na fahimci cewa satifiket ba ya tsayawa shi kaɗai. Wani ne ya sa masa hannu, shi ma wani ya sa masa, har a kai ga babban tushe da ke ajiye a cikin na'urarka. A ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin tushen DST Root CA X3 ya ƙare, wanda satifiket ɗin Let's Encrypt, wata hukuma mai ba shafuka satifiket, suka daɗe suna jingina da shi. Magajinsa, ISRG Root X1, ya riga ya shiga na'urorin da ke karɓar sabuntawa. Mu kuwa a nan mutane da yawa sun rufe sabuntawar Windows don kada ta cinye musu data, kuma ban ga laifinsu ba, data tsada gare ta. Sai sabon tushen bai samu hanyar shiga ba.

Gwajin da ya fi mini sauƙi shi ne buɗe shafin da Firefox, domin ita da nata rumbun tushen take tafe, ba ta dogara da na Windows ba. In ya buɗe a can ya ƙi a tsohuwar Chrome mai dogara da rumbun Windows, to na san rumbun na'urar ne ya tsufa. Sai in sauko da ISRG Root X1 daga shafin Let's Encrypt kansa, in shigar da shi cikin amintattun tushe ta certmgr.msc, manhajar Windows mai kula da satifiket. Ba na karɓar irin wannan fayil ta WhatsApp ko daga filashin wani, ko da aboki ne, domin duk wanda ya dasa maka tushensa zai iya kwaikwayon shafin bankinka burauza ba ta ce uffan ba. Wayoyin Android da suka gaza 7.1.1 sun samu ɗaurin talala har zuwa 2024, daga nan su ma suka shiga sahu, kuma Firefox na riƙa sa musu. Masu Windows 7 kuwa ina gaya musu gaskiya: Chrome ta tsaya musu a 109 tun farkon 2023, faci ne kawai muke yi.

In agogo da tushe duk lafiya, sai in danna gefen adireshin in karanta ranar ƙarewar satifiket ɗin. Na Let's Encrypt kwana 90 aka saba ba su, in na'urar sabuntawar mai shafin ta tsaya sai ya ƙare bai sani ba. Wannan babu abin da zan taɓa a kwamfutar abokin ciniki ya gyaru, sai dai a sanar da masu shafin.

A nan ne ake matsa mini in danna "ci gaba" a wuce, musamman ɗalibai da wa'adin rajista ya ƙure musu. In shafin karatu ne kawai, nakan wuce. In za a rubuta kalmar sirri, lambar kati ko BVN, ba na yarda a kan na'urorin shagona, ko da zan rasa cinikin. Nakan karɓi lambar yaron, in shafin ya gyaru in kira shi.