Hayar injin casa ta shekara 5 bashi ce, kuma banki haka yake ƙirga ta

Na karɓi littattafan wani kamfanin casar shinkafa a Gombe ana daf da kaka, lokacin da suke neman rancen sayen shanshera daga manoman Dadin Kowa. Takardunsu sun nuna bashin banki na naira miliyan 30 a kan jarin miliyan 80. Sharaɗin bankin shi ne kada bashi ya wuce rabin jari, don haka kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ma'aikacin bankin ya nemi yarjejeniyar injin casar.

Injin na haya ne, shekara 5, miliyan 12 a ƙarshen kowace shekara, babu damar sokewa, gyara da inshora duk a wuyan kamfanin. Wanda ya riƙe littattafan kafin ni ya rubuta miliyan 12 a cikin kashe-kashen shekara tare da dizal da albashi, ya wuce. Har yau abin yana ci mini rai, domin shafi biyu kawai zai karanta ya gane cewa wannan saye ne da bashi.

Tun 1 ga Janairun 2019 ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IFRS 16 ta maye gurbin tsohuwar, wato IAS 17, ta wajabta wa wanda ya ɗauki haya ya shigar da kusan kowace haya cikin bayanin kadara da bashi. An keɓe hayar da ba ta wuce wata 12 ba, da ƙananan kaya irin su kwamfuta. Ko da tsohon ma'aunin lissafi na Amurka na 1976 aka auna, wannan inji ba zai tsallake ba: a wancan ma'auni, hayar da ta cinye kashi 75 cikin ɗari na rayuwar inji ana ɗaukarta bashi, shi kuwa wannan an ƙiyasta masa shekara 6.

Bashin ba miliyan 60 ba ne, duk da cewa shi za a biya. Ana maido kowane biya zuwa darajarsa ta yau. Yarjejeniyar ba ta faɗi kuɗin ruwan da ke cikinta ba, sai na yi amfani da abin da banki zai caji kamfanin da a ce rance ya ci ya sayi injin, kashi 25 cikin ɗari. Ya ba ni miliyan 32.27 a ranar sa hannu. Daga biyan farko na miliyan 12, miliyan 8.07 kuɗin ruwa ne, miliyan 3.93 kacal ya taɓa uwar kuɗi. Saura miliyan 28.34.

A nan Alhaji, mai kamfanin, ya dakatar da ni. Ya ce, "Malam, miliyan 12 na biya da hannuna, yaya za ka ce huɗu ma ba su cika ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, haka teburin yake, ruwa ne ke fara sha, sai a shekarun ƙarshe uwar kuɗi ke sauka da gudu." Ya daɗe yana duban takardar.

Daga miliyan 28.34 ɗin, miliyan 4.92 na uwar kuɗi za a biya cikin wata 12 masu zuwa, wannan yana shiga bashin kusa. Ragowar miliyan 23.42 shi ne adadin da ake rubutawa a layin bashin haya na dogon lokaci. Wanda ya ɗauki wannan layi kaɗai ya ce ya san nauyin da ke kan kamfani ya bar kusan miliyan 5 a baya, kuma bai ga ruwan da ke tafe ba. Dole a haɗa layukan biyu, sannan a buɗe bayanan ƙarshen rahoto inda ake jera abin da za a biya shekara bayan shekara.

Riba ma ta motsa. Raguwar darajar inji miliyan 6.45 a shekara (wato 32.27 a raba shekara 5), haɗe da ruwa 8.07, ya zama 14.52 maimakon 12 da aka rubuta. Ribar shekarar ta ragu da miliyan 2.5, jari ya koma 77.5. Bashi kuma ya tashi zuwa 58.3, wato kashi 75 cikin ɗari na jari. Bankin ya jingine takardar.

Kafin Alhaji ya ƙara jari daga aljihunsa a sake miƙa lissafi, kakar ta yi nisa, shanshera ta shige hannun 'yan ajiya, aka saye ta da tsada. Da tun ranar sa hannu aka yi wannan tebur, da ya san yawan jarin da zai ƙara tun damina.

Yanzu duk kamfanin da na shiga, yarjejeniyoyin haya nake fara nema kafin takardar banki: na inji, na tirela, na sito, na janareta. Ina duba ko ana iya sokewa, ko akwai sharaɗin sabuntawa da kowa ya san za a yi amfani da shi, domin shekarun nan ma ana ƙirga su. Idan mai injin ne ke yin gyara, ina ware kuɗin gyaran daga na haya kafin lissafi. Ina kuma duba da wane kuɗi za a biya. Waɗanda hayarsu ke da dala sun ga bashin ya kumbura a littafi bayan an sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023, ba tare da sun ƙara ko ƙusa ɗaya a masana'anta ba.