Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makon da Kwamfutocinmu Suka Rasa Adireshi

A makon jiya na tsaya ne a inda na gama haɗa sabuwar katangar tsaro a ofishinmu, na'urar da masu sana'armu ke kira fayawol. Ranar Asabar na yi aikin, ofis ba kowa. Na raba netwok gida biyu, kwamfutocin ma'aikata a ɓangare guda, sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, a wani, katangar ta zauna a tsakani tana tantance duk abin da zai wuce. Na ba ta adireshin tsohuwar rauta, wato lambar da ake gane na'urar da ke fitar da mu intanet da ita a netwok, don kada ma'aikata su ga wani canji. Litinin da safe kowa ya kunna kwamfutarsa, intanet ta kawo, firinta ta buga. Na ji daɗi ƙwarai.

Da rana wani baƙo ya zo da laftof, aka jona masa waya, ta ƙi hawa. Ina sauri, sai na rubuta mata adireshi da hannu, ta hau, na wuce abina. Har yau wannan abu yana ci mini rai, domin a laftof ɗin nan matsalar ta fara leƙowa, ni kuwa na rufe ta da hannuna.

Laraba da hantsi Hajiya mai kula da albashi ta aiko a kira ni. Kwamfutarta, wadda ba a taɓa kashewa, ta yanke. Na leƙa baya, fitilar wayar tana ƙyaftawa kore shar. Na buɗe baƙin allon umarni na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta, sai ga 169.254 a farkon adireshin. Duk mai wannan aiki ya san lambar nan: ita Windows ke ba kanta idan ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata. Hajiya ta ce, "Ɗana, albashin mutane ne a cikin nan, ka taimaka." Na ce, "Yanzu kuwa, Hajiya." Ita ma na sa mata adireshi da hannu. Alhamis wasu uku suka faɗi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sauran kwamfutoci suna aiki lafiya lau. In katangar ce ta jawo, me ya hana su faɗuwa tun Litinin? Saboda wannan tambaya na wanke ta daga zargi, na ɓata yini guda ina canza wayoyi, ina zargin suwic, na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta. Na shiga sabar da ke rabon adireshi, na tarar tana raye, adireshi a rumbunta har da ragowa.

Da dare na kira maigidana, wanda a hannunsa na koyi aiki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, aron adireshin naku na kwana nawa ne?" Na ce takwas, yadda sabar Windows ke zuwa da shi, ban taɓa ba. Ya ce, "To ƙirga daga ranar da ka sa katangar."

Na zauna da biro da takarda. Tsarin rabon adireshi, wanda ake kira DHCP, ba ya ba kwamfuta adireshi kyauta, aro yake ba ta zuwa wani wa'adi. Idan rabin wa'adin ya wuce, wato kwana 4 a wajenmu, takan koma wurin sabar ta nemi ƙari. In ba a amsa ba ta ci gaba da aiki, a kwana na 7 ta yi shela ko akwai wata sabar da za ta ji, a na 8 ta saki adireshin. Waɗanda ake kashewa kullum sun sabunta aronsu ranar Juma'a da safe, kafin in taɓa komai. Tun daga Litinin suna tambaya ba amsa, amma da yake suna ganin ƙofar fitarsu, wato katangar da ta gaji adireshin rauta, a adireshin da suka saba, sai su riƙe abin da ke hannunsu. Waɗanda ba a kashewa kuwa aronsu ya fi tsufa, shi ya sa suka riga faɗuwa. Da na kai ƙarshen lissafin gabana ya faɗi: Litinin mai zuwa ofishin gaba ɗaya zai wayi gari ba adireshi.

Da sassafe na jona laftof ɗina na buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke yawo a netwok. Ga saƙon cigiya nan yana fita daga 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255, layi bayan layi, shiru. A ƙa'ida saƙo huɗu ne: kwamfuta ta yi cigiya, saba ta yi tayi, kwamfuta ta ce tana so, saba ta tabbatar. Mu a na farko muka maƙale. Cigiyar shela ce, shela kuwa ba ta tsallake katanga zuwa wani ɓangaren netwok, sai an naɗa ɗan aike da zai ɗauke ta ya miƙa wa sabar kai tsaye, ya kuma sa nasa adireshin a jiki don ta san daga wane rumbu za ta ciro. Ni da na mayar da sabar bayan katanga ban naɗa shi ba, ban kuma buɗe ƙofofi masu lamba 67 da 68 da zancen rabon adireshi ke bi ba.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na buga ipconfig /renew, layuka huɗun suka jeru a allo, adireshinmu mai farawa da 10 ya dawo. Na bi kwamfutocin da na sa wa adireshi da hannu ɗaya bayan ɗaya na mayar da su kan tsari, don kada sabar ta ba wata lambar da ke hannun wata su yi karo. Sannan na je na faɗa wa shugaban ofis cewa kuskuren daga wajena yake.

Ina tattara kayana da yamma sai wani ma'aikaci ya leƙo ya ce kwamfutarsa ta yanke. Na buga ipconfig, na ga adireshi mai farawa da 192.168.0, lambar da babu ita a tsarinmu ko kaɗan. Akwai wata na'ura a cikin ginin da ke rabon adireshi ba da sanina ba. Yadda na bi waya har na gano ta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.