Me ya sa sai 1881?

A shekarata ta farko ta koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, na koyar da yaƙin Mahadi yadda aka koya mini. Na tsaya gaban allo na rubuta dalilai huɗu: haraji mai nauyi, zaluncin Turkawa masu mulkin Sudan, hana cinikin bayi, da fifita wasu ƙabilu da ɗariƙu a kan wasu. Yara suka kwafa, suka haddace, ranar jarrabawa suka juye mini abina yadda na ba su. Na raba maki, hankalina kwance.

A shekara ta biyu ne wata yarinya da ke zama can baya kusa da taga ta ɗaga hannu. Da Larabci muke darasi, amma ita da Hausa ta yi tambayarta, alamar abin ya dame ta ƙwarai. Ta ce, "Ustaz, ka ce sojojin Muhammad Ali Basha mai mulkin Masar sun ci Sinnar a 1821, Mahadi kuma ya tashi a 1881. Shekara sittin ke nan. Duk tsawon lokacin nan babu haraji ne, ko bulalar ba ta da zafi?"

Na ce mata za mu dawo kan maganar, na ci gaba da rubutu. Gaskiya ba ni da amsa a ranar, kuma daren nan na daɗe ban yi barci ba. Dalilai biyu na farko da nake alfahari da su suna nan tun ran da Turkawa suka sa ƙafa. An ma taɓa tashi tun da wuri. A 1822 Mak Nimir na Ja'aliyyin ya ƙone Isma'il Basha, ɗan Muhammad Ali, a Shandi, saboda dukiya da bayin da ya ɗora masa da wulaƙancin da ya yi masa. Sai Daftardar, surukin Muhammad Ali, ya zo da ramuwar gayya, ya ƙone garuruwa, ya karkashe jama'a, ƙasa ta yi tsit. Ashe zafi kaɗai ba ya haifar da yaƙin da ake ci. Wannan ne abin da jerin nan nawa ya ɓoye wa yara, ya ɓoye mini ni ma.

Mako na gaba na biya kasuwa na sayi dabino. Na raba ajin kashi huɗu: manoman arewa masu ban ruwa da saƙiya (na'urar jan ruwa da shanu ke juyawa), jallaba fatake, Baggara masu shanu, da fakirai, wato malaman ɗariƙu. Kowa na ba shi dabino biyar. Na zaɓi yara biyu na ce su ne bashbuzuƙ, masu karɓar haraji, waɗanda ke yawo da kurbaj. Da na ce musu kurbaj ita ce dorinarmu, bulalar fatar dorina, kowa ya gane, har wasu suka shafa bayansu. Na ce wa masu karɓa su amshi dabino ɗaya daga kowane manomi. Ɗayansu, yaro mai shiru wanda ban taɓa jin ƙararsa ba, ya amshi biyu, ya kawo mini ɗaya, ya jefa ɗaya a aljihu. Ban sa shi ba. Ajin ya kaure da hayaniya, manoma suna ihu a bi musu hakki. Na bar su suka yi ta yi, sannan na ce to haka aka yi a Dungula da Barbar, har manoma suka bar saƙiyoyinsu suka yi kudu fatauci. Daga nan na rubuta musu maganar nan da dattawan Sudan suka sani, "Ashara fi turba wala riyal fi tulba", wato gara mutum goma a kabari da a biya riyal ɗaya na haraji. Ranar ba wanda ya tambaye ni ko za ta fito a jarrabawa.

Muka riƙa bin shekaru ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da na faɗa sai in tambaya, wa ya ji a jikinsa, wa kuma zai taya shi? Gwamnati ta jawo ɗariƙar Hatmiyya da malaman da suka yi karatu a Azhar kusa da ita, fakirai suka ji haushi, amma Baggara suka ce ba ruwansu. Aka matsa wa masu shanu, manoma suka kau da kai. Yaran da kansu suka lura cewa kowane kashi a lokacinsa yake kuka, kuma shi kaɗai.

Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne maganar bayi. Wani abokin aikina da ya girme ni ya ce, "Ɗana, ka wuce wurin nan da sauri, kada ka rage wa Ansar, mabiya Mahadi, daraja a idon yara." Na girmama shi, amma ban bi ba. Na gaya wa yaran Hidewi Isma'il, mai mulkin Masar, ya sa hannu da Ingila kan hana cinikin a 1877, shekarar da ya naɗa Gurdun Basha, Baturen Ingila, gwamnan Sudan baki ɗaya. An tsare Zubairu Basha, babban ɗan cinikin bayi, a Alƙahira, an kashe ɗansa Sulaiman a 1879, an fatattaki jallaba. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe wasu don a bar su su sayar da mutane suka shiga jihadi?" Na ce i, akwai su, suna sahu ɗaya da manomin da dorina ta farfasa wa baya da fakirin da ya fito don Allah. Ajin ya yi shiru. A cikin yaran nan akwai waɗanda kakanninsu aka saya, kuma su ma tarihin nasu ne. Ba ni da ikon in share su don labarin ya yi daɗi.

Sai muka iso amsar yarinyar. A 1879 bashi ya ci Hidewi Isma'il aka tuɓe shi, Gurdun ya tafi, a 1881 hafsan soja Urabi ya ta da sojojin Masar, Alƙahira ta shagala da kanta. Ƙarni na 13 na Hijira yana gab da cika, jama'a na sauraron Mahadi. A daidai nan Muhammad Ahmad, ɗan masassaƙan jirgin ruwa, almajirin ɗariƙar Sammaniyya, ya ce shi ne Mahadi, ya yi kira daga tsibirin Aba da harshen da duk kashi huɗun nan ke ji. A watan Agusta 1881 gwamnati ta aika sojoji su kamo shi, mutanensa suka ci su da sanduna da masu. Nasara ta jawo nasara: Ubayyid a Janairu 1883, rundunar Masar ƙarƙashin Bature Hikis Basha a Shaikan a Nuwamba, Hartum ranar 26 ga Janairu 1885. Na ce wa yaran duk wanda ya ga lokaci ya yi ya miƙe. Manoma suka fara, Baggara suka bi, yaron nan mai dabino a aljihu ya tsaya shi da abokinsa suna waige-waige.

Da yake mu jikokin waɗanda suka baro Sakkwato ne, na ƙara musu da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa daga Adamawa. Aikin gida kuwa, na ce kowa ya tambayi tsohon gidansu me ya sa Sarkin Musulmi Attahiru ya bar gari har aka kashe shi a Burmi a 1903, kuma me ya sa talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har ɗansa Mai Wurno ya kawo ragowarsu nan.

Washegari wani yaro ya zo da takarda fara fat. Ya ce kakansa ya ce in zo da kaina, wannan ba maganar aike ba ce. Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki littafi da alƙalami, na sayi sukari da ganyen shayi, na nufi gidansu.