Durowar gwanjo da damunar Legas: inda aikina ya kai

'Yan uwa masu koyon gyaran kayan ɗaki, yau mako biyar ke nan da durowar nan ta shigo gidana a Agege, kuma sai shekaranjiya na fara zuba kaya a cikinta.

Ba a kasuwa na same ta ba. Wani yaro ɗan gwangwan ne, cikin masu tura kura suna zagaya unguwa, ya ɗauko ta daga gidan wasu da suka tashi. Na tare shi a bakin layi, ya ce, "Hajiya, ƙarfen hannayen kawai nake so, katakon masu suya zan kai wa." Na ce, "Haba ƙanena, sauke mu gani." Da muka kama ta mu biyu, nauyinta ya gaya mini abin da nake son ji. Katakon yayi na yanzu, wanda ake matse garin katako da gam a lulluɓe shi da leda mai sheƙi, da zarar ya sha danshin garin nan sai gindinsa ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya gyaruwa. Wannan kuwa da na karce bayanta da mukulli, itace ja ya bayyana, irin launin maɗaci. Ya yi mini kuɗi, na taya, muka daidaita ba tare da na ƙware shi ba.

Mako na farko ban taɓa samfefa ba, ban ma bar ta ta shiga ɗaki ba. Na zare aljihunanta duka huɗu na haska kowace kusurwa da fitilar waya, ina neman baƙaƙen ɗigo irin na kashin kuɗin cizo. Duk wadda ta taɓa zama a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna ta san idan ƙwaron nan ya shiga ɗaki ɗaya, maƙwabta ma sun samu. Alhamdu lillahi babu. Amma ƙafar baya ɗaya tana da ƙananan huji kamar na allura. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, bayan kwana biyu na tarar da gari ya zuba, alamar ƙwaron katako yana ciki yana ci. Na sayo maganin ƙwarin katako wajen masu fenti, na ɗura a kowane huji da sirinji, a tsakar gida, yara suna makaranta. Sai a karo na biyu takardar ta kwana fes.

Kankare tsohon fenti ya ci mini mako na biyu gaba ɗaya. Wani ya taɓa shafa mata koren fenti mai kauri, ƙarƙashinsa kuma akwai fari. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, kuma mu 'yan Arewa ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙurarta ce ke shiga jikin yaro. Don haka na riƙa jiƙa wurin kafin in kankare, na ɗaure hanci, na shimfiɗa buhu yana tare ɓarɓashin. Don Allah kada ku yi wannan aikin a ɗakin da jariri ke rarrafe. Bayan itacen ya bushe na bi shi da samfefa mai lamba 80, sannan 120, na ƙarasa da 220, kullum ina bin layin katakon. Inda na gitta a saman, zanen yana nan har yau idan haske ya buge shi.

Mako na uku ne ya ba ni wuya. Na ƙosa in ga sheƙi, sai na shafa folish da kauri a wata ranar da hadari ya wuni a sama, ga watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ke kan ganiyarsa. Kwana uku yana danƙo, ƙura ta manne, wani farin hazo ya kwanta a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je wajen wani dattijo Bayerabe, kafinta a bayan layinmu, na ce, "Baba, zo ka ga abin da ya same ni." Ya shafa da yatsa, ya nuna mini cewa iskar da ta cika da ruwa ba ta barin folish ya sha, danshin ne ya maƙale a ciki ya yi fari. Ya sa na kankare saman kaɗai, na sirka folish ɗin da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na jira ranar da gari ya buɗe, na shafa siriri wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Shafa uku na yi, kowace da kwana biyu a tsakani, ina ɗan gogawa da 220 kafin ta gaba. Shawarar da ake ba mu daga Kano ko Katsina, wai ka shafa da safe ka yi amfani da yamma, ta busasshiyar iska ce. A nan, mai iya jira ya bari sai hutun ruwan Agusta, ko ɗan hunturun Disamba da Janairu.

Hannayen kuwa ashe tagulla ce. Tsamiya da toka, irin yadda kakata ke wanke tire, suka fito da su. Aljihu biyu da ke cijewa na goga musu kyandir a gefe, yanzu yatsa ɗaya ke jan su.

Don bangon bayanta na hau danfo zuwa Katanguwa, kusa da Abule Egba, da sassafe lokacin da ake kwance dila. Na samu labule mai kauri, ƙasansa ya yage amma samansa lafiya. Ruwan zafi na fara zuba masa kafin sabulu, ya yi kwana biyu a igiya, sannan tela ya yanke ƙasan ya dasa masa baki da ragowar atamfata ta Sallah. Madubi nake nema yanzu mai firam ɗin itace. Ranar Talata ce kasuwar Aswani ke ci a Isolo, in Allah ya kai mu can zan leƙa, da awon bangon a rubuce a takarda.

Abin da ya rage min shi ne funfuna. Na ja durowar ta bar bango da faɗin tafin hannu, na ɗora ƙafafunta a kan gutsattsarin tayil don kada ta sha sanyin siminti, na ajiye gawayi cikin tsohuwar safa a aljihun ƙasa. Duk da haka jiya da na buɗe shi na ji ɗan warin danshi, shi ya sa zannuwan gado na bar su a na sama tukuna. Wadda ke zaune a ɓangaren Ijora ko Ajegunle, inda ruwa ya fi kusa, ta faɗa mini da me take yi.